Yadda zaka zaɓi manhajar bakof da zata iya dawo maka da fayil ɗinka na shekaranjiya

Ƙanwata tana yin bakof, wato ajiye kwafin fayiloli a wani waje daban saboda tsaro, kuma wannan ne yasa abin ya tsaya min a rai har yau. Lokacin tana rubuta furojet ɗinta na digiri na biyu, kullum bayan isha'i sai ta soka filash a laftof ta jawo foldar gaba ɗaya ta zuba, kwamfuta ta tambayeta ko a maye gurbin na ciki tace eh, ta zare ta jefa a jaka, wata huɗu bata taɓa fashi ba. Batirin laftof ɗin ya daɗe da mutuwa sai da wuta take aiki. Ranar wata Talata tana cikin sebin babi na huɗu aka ɗauke wuta, allo yayi baƙi ƙirin. Da aka kawo ta kunna, dare ya riga yayi bata buɗe babin ta duba ba, kawai tayi abinda ta saba, ta kwafe foldar ta ɗora akan ta filash. Da safe Word yace ba zai iya karanta fayil ɗin ba, muka matsa masa ya buɗe, sai wasu 'yan akwatuna da alamomi marasa kan gado. Tace ba komai yaya, ai akwai a filash. Muka buɗe na filash, iri ɗaya sak. Ta zame daga kan kujera ta zauna a ƙasa ta dafe kai tana ta innalillahi, ko hawaye bata yi ba. Daga baya a imel ɗin da ta tura wa malaminta sati uku baya muka samo tsohon kwafi, daga nan ta sake ɗaurawa.

Kaga kwafi ɗaya da ake ta dannewa kullum yana kare ka ne kawai daga mutuwar diski ko satar laftof, amma bai san jiya ba balle shekaranjiya, duk ɓarnar da ta faru yau shi ma zai haɗiye ta. Abinda nake so ka nema shine manhajar da zaka ce mata bani babi na huɗu kamar yadda yake ranar Litinin da yamma, ta miƙo maka. Duk sauran abubuwan da ake tallatawa bayan wannan suke.

Menene ma bakof na ɗori

A cikin manhajoji zaka ga kalmomi uku, Full da Differential da Incremental. Na farko cikakke ne, a kwashe komai daga farko har ƙarshe duk lokacin da aka tashi. Na ukun shine wanda nake kira na ɗori, ranar farko a kwashe komai, daga nan kullum abinda ya canza tun bakof ɗin da ya gabata kawai ake ɗorawa. Na tsakiyar kuwa kullum yana kwasar duk abinda ya canza tun ranar cikakken, don haka yana ta kumbura har sai an sake yin sabon cikakke.

Ɗauki mai kanti. Ba kullum da daddare yake sauke kayan shago duka ya ƙirga ba, sau ɗaya yayi wannan wahalar ya rubuta a shafin farko, bayan nan sai dai buhu kaza ya shigo katan kaza ya fita. In kana da fayiloli na giga 200 kuma a rana kana taɓa kamar mega 300, cikakken bakof na kwana 30 zai cinye maka tera 6, na ɗori kuwa bai wuce giga 209 ba, kuma a duk biyun kana iya komawa kowace rana cikin watan. Ga kuma lokaci, wanda a wajenmu shine babba, cikakke zai iya ɗaukar awa biyu ko uku, na ɗori kafin ka gama shan shayi ya gama, wanda ke jiran wutar awa biyu ko yake ƙirga man janareto ya san bambancin.

Amma littafin mai kanti yana da rauni ɗaya, in shafi ɗaya a tsakiya ya yage to lissafin duk shafukan bayansa ya rikice. Tsofaffin manhajoji haka suke, sarƙa ce, kafin a dawo maka da na ranar 20 sai an haɗa cikakken da duk ɗorin da ya biyo baya, ɗaya ya lalace sauran sun shiga uku. Shi yasa in manhajarka irin wannan ce dole ka saita ta riƙa yin sabon cikakke duk wata ko duk sati biyu don kada sarƙar tayi tsawo.

Sababbin sun bi wata hanya daban kuma gaskiya ita nafi so. Suna yayyanka kowane fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a ɗauki tambarinta kamar zanen yatsa, in an taɓa ajiye mai irin wannan tambarin ba za a sake ajiyewa ba, sai dai a rubuta cewa tana nan a wuri kaza. Sakamakon shine kowane bakof a ido cikakke ne, kana iya goge na tsakiya ba tare da sauran sun taɓu ba, amma wurin da yake ci ɗan kaɗan ne kamar na ɗori. Ka canza wa foldar hotuna mai giga 40 suna ko ka matsar da ita wani waje, irin wannan manhajar zata gane kayan nan dai sune, ba zata sake kwasa ba. Wadda ke aiki da fayil sukutum kuwa zata ɗauka sababbi ne ta sake jibge giga 40. A restic, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajojin, gunduwoyin suna kamawa daga rabin mega zuwa mega 8.

Kafin ka sauke komai, zauna da takarda

Ka fara sanin me kake tsoron rasawa. Buɗe foldodinka ka duba nauyinsu, ka raba su gida biyu, abinda in ya tafi ya tafi kenan (rubuce-rubucenka, lissafin kasuwa, hotunan suna da biki, muryar mahaifiya da ka ɗauka, takardun makaranta da ka sikanin) da abinda za a iya sake saukewa ko karɓa a wajen aboki, finafinai da manhajoji da karatuttukan da suke ko'ina. Yawancin mutanen da na taya wannan aikin sai su ga kashin farko bai kai yadda suke zato ba, wani ma bai cika giga 20 ba alhali laftof ɗin a cike take maƙil.

Sai ka tambayi kanka aikin kwana nawa zaka iya jure rasawa. Mai shagon buga takardu da ake kawo masa aiki tun safe har dare ba zai jure rasa na yini guda ba, shi duk awa ya kamata. Wanda sai ƙarshen sati yake zuba hotuna daga waya, sau ɗaya a sati ya wadatar.

Sannan ina za a ajiye. Dan Allah a nan ka saurare ni, diski D ba bakof bane. Masu gyara suna cewa ka zuba kayanka a D don in za a yi fomatin kada ya taɓa su, kuma gaskiyarsu ta wannan fuskar, amma a yawancin laftof C da D ɗaki ɗaya ne aka raba da labule, ranar da diskin ya fara wannan ƙarar ƙyat ƙyat ƙyat duk biyun tare zasu tafi, haka in ɓarawo ya ɗauka. Kana buƙatar estanal daban, wato diskin waje da ake sokawa a jikin kwamfuta, mai girman aƙalla ninki biyu na kayan da zaka ajiye don tarihi ya samu wurin zama. Filash kuma na kai saƙo ne ba na ajiya ba, yana ɓata, yana mutuwa ba sallama, yana kwaso bairos ɗin nan mai mayar da folda shotkot, ga na jabu da zai nuna maka giga 128 alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ya riƙa danne tsofaffin kaya da sababbi kai baka sani ba. Duk sabon filash ko memori da ka saya ka gwada shi da H2testw, kyauta ce, tana cika shi taf sannan ta karanta ta gaya maka gaskiyar cikinsa. In estanal ɗin da Windows kaɗai zai yi aiki ka barshi a tsarin fomatin na NTFS, kada ka yarda da na FAT32 don baya karɓar fayil ɗin da ya haura giga 4.

To wacce zan ɗauka

In Windows kake kuma baka son wahala, fara da abinda ke cikin kwamfutarka tun asali, File History, tun Windows 8 a 2012 yake nan mutane basu kula shi ba. A Windows 11 sun ɗan ɓoye shi, ka buɗe Control Panel ka rubuta sunansa a wajen bincike, ka soka estanal, ka danna Turn on. Da kansa duk awa yake ɗaukar abinda ya canza, a Advanced settings zaka iya mayar da shi daga duk minti 10 har zuwa sau ɗaya a rana, a nan ne kuma zaka ga tsawon lokacin da zai riƙe tsofaffi, asali an barshi a har abada wanda ke nufin wata rana diskin zai cika, ni dai ina mayar da shi shekara 1. Abinda nake so da shi, in ka buɗe estanal ɗin zaka ga fayilolinka a fili kowanne da kwanan wata a jikin sunansa, ko a kwamfutar wani ka soka zaka iya ɗaukar abinka ba sai da wata manhaja ba. Da ace wannan ƙanwata ta kunna, babin ƙarfe tara na dare yana nan lafiya lau.

Sai dai ka san iyakarsa. Documents da Pictures da Music da Videos da Desktop da makamantansu yake bi, foldar da ka ƙirƙira can a D bai san da ita ba sai ka danna mata dama ka zaɓi Include in library, kuma mutane da yawa a nan suke faɗawa, suna zaton komai na tafiya alhali babbar foldar aikin ko sau ɗaya ba a taɓa ɗauka ba. Fayil sukutum yake kwafa, in kana da fayil ɗin zane mai giga 2 ka gyara harafi ɗaya to wani giga 2 ne. Kuma baya kulle kayan da kalmar sirri, duk wanda ya tsinci estanal ɗin ya tsinci sirrinka, sai dai ka kulle diskin da BitLocker in Windows ɗinka na da shi.

Masu Mac ku kam an gama muku aiki tun 2007, Time Machine, ku soka diski ku ce eh. Yana riƙe na duk awa na awa 24 da suka wuce, na kullum na wata guda, na sati-sati na abinda ya wuce haka, in diski ya cika ya fara goge mafi tsufa. Ku dai danna wajen kullewa da kalmar sirri tun ranar farko.

Masu Linux, Borg, wanda ya fito a 2015 daga wata tsohuwar manhaja mai suna Attic, in baka son rubuta umarni ka saka masa fuska, Vorta ko Pika Backup. Gargaɗi ɗaya, Timeshift da ke zuwa da Linux Mint na tsarin kwamfutar ne, a yadda yazo baya ɗaukar fayilolin cikin foldarka ta gida, kada ka dogara da shi wajen hotuna da rubutu. Tsofaffin hannu kuma har yau suna nan da rsync ɗinsu wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, yana aiki, amma shi kaɗai ba tare da dabara ba madubi yake yi, wato kwafin yadda kayan suke yanzu kawai, ba tarihi ba.

Yanzu ga inda zuciyata take. In kayanka sun yi yawa, ko kana so a kulle su, ko kana so manhaja ɗaya ta kai estanal ta kuma kai intanet, to restic ko Kopia. Duk biyun kyauta ne, kowa na iya duba yadda aka rubuta su, suna aiki a Windows da Mac da Linux, suna yin yankan gunduwar nan da na faɗa, kuma komai a kulle suke ajiye shi. Kopia na da fuska mai maɓallai, KopiaUI, ka nuna mata inda zata ajiye, ka bata kalmar sirri, ka nuna foldodi, ka gaya mata duk awa nawa da kuma guda nawa zata riƙe, shikenan. Ita nake saka wa wanda baya son ganin baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki. Ni kaina restic nake amfani da shi, kuma kada baƙin allon ya tsorata ka, umarnin da zaka buƙata basu kai yatsun hannu biyu ba. Ace estanal ɗinka E ne:

restic -r E:\ajiya init

Wannan sau ɗaya ne, zai nemi kalmar sirri ya gina rumbun. Sai

restic -r E:\ajiya backup C:\Users\sunanka\Documents

ranar farko zai daɗe, ka barshi, washegari ka sake buga wannan layin dai ka ga ikon Allah, cikin daƙiƙu zai gama ya gaya maka fayil nawa ne sababbi nawa suka canza da mega nawa ya ƙara. In ka buga snapshots a madadin backup da sunan foldar zai jero maka duk ranakun da ka ajiye kowanne da lambarsa. Don kada rumbun ya cika,

restic -r E:\ajiya forget --keep-daily 7 --keep-weekly 4 --keep-monthly 12 --prune

ma'ana riƙe na kwana 7 na baya, da na sati 4, da na wata 12, sauran a share. In fayil a buɗe yake kamar na Outlook ya ƙi kwafuwa, ka ƙara --use-fs-snapshot ka buɗe baƙin allon a matsayin admin. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki tsofaffin bakof ɗinka basu taɓu ba, ka sake bugawa kawai, in yayi ƙorafin cewa rumbun a kulle yake ka buga unlock. Rauninsa shine baya tashi da kansa, sai ka haɗa shi da Task Scheduler na Windows mai tayar da manhaja a lokacin da ka saita, kuma Windows na iya canza wa estanal harafi yau E gobe F, don haka ka shiga Disk Management ka bashi harafi na can ƙarshe kamar R wanda ba mai ƙwace masa.

Maganar kalmar sirrin nan ba wasa bace wallahi. Babu wani ofis da zaka je, babu lambar da zaka kira, babu manta-kalma a turo maka ta waya, in ta ɓace kayan sun ɓace ko da diskin na hannunka lafiyarsa ƙalau. Kada ka ajiye ta a cikin laftof ɗin da kake wa bakof kaɗai, ranar da zaka neme ta ai laftof ɗin ce babu. Rubuta a takarda da biro, ka saka inda kake ajiye takardun fili da satifiket, kuma wani amintacce ɗaya a gida ya san da ita, rai ba a hannunmu yake ba kuma hotunan nan na iyali ne duka.

Akwai Duplicati ma, ta burauza ake sarrafa ta kuma ta iya magana da Google Drive da OneDrive kai tsaye. In kuma kana so a ɗauki hoton kwamfutar dungurungum har da Windows da manhajoji yadda in diski ya mutu zaka saka sabo ka dawo kamar ba abinda ya faru, duba Veeam Agent na kyauta. Tsofaffin bidiyoyi zasu ce maka Macrium Reflect na kyauta, an daina sabunta wannan tun farkon 2024.

Masu ɗaukar bidiyon biki da masu hoto, ku lissafinku daban ne. Bidiyo ba ya matsuwa, kuma kowane biki sabon kaya ne, yankan gunduwa ba zai rage muku komai ba, kuma kuna so ku soka diski ku ga fayil a fili ku miƙa wa mai shi. Ku ɗauki FreeFileSync da diski biyu, amma a setin ku canza abinda zai yi da fayil ɗin da aka goge ko aka danne zuwa Versioning ku nuna masa wata folda, ta haka maimakon ya hallaka tsohon sai ya matsar da shi gefe. In kun barshi a madubi zalla, ranar da yaron shago ya goge foldar amarya bisa kuskure, madubin ma zai goge tasa.

Google Drive fa, ba shikenan ba?

Wannan tambayar kullum sai an min ita. Foldar Drive ko OneDrive da ke daidaita kanta da kwamfuta tana da amfani sosai, amma aikinta shine ta sa can yayi daidai da nan, ka goge a nan ta goge a can, ya lalace a nan ta kai lalataccen. Abinda ke ceto shine kwandon shara da tsofaffin kwafi, kuma a asusun kyauta wannan kwana 30 ne, fayil ɗin da baka lura ya tafi ba sai bayan wata biyu ya tafi. Ga wuri, Google giga 15 yake bayarwa kuma Gmail da Photos duk a ciki suke ci, tun 2024 har bakof ɗin WhatsApp na Android a ciki ake lissafa shi, OneDrive kuwa giga 5 ne.

Duk da haka ina so kwafi ɗaya ya bar gidan. Akwai ƙa'idar da ake kira 3-2-1, kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani waje daban, saboda gobara da ambaliya da ɓarawo basa tambayar wanne ne na asali wanne ne bakof, laftof da estanal da ke jaka ɗaya in aka fizge jakar a adaidaita sahu magana ta ƙare. Da tsadar data ba zan ce ka ɗora giga 200 a intanet ba. Ka ɗora ƙaramin kashin nan na rubutu da takardu, lodin farko ka yi shi da datar dare, bayan nan ɗorin kullum 'yan megogi ne, a nan ne ma bakof na ɗori yafi nuna amfaninsa. Manyan kayan kuma estanal na biyu, ka ajiye shi a gidan iyaye ko a shago, duk ƙarshen wata ka je da na gida ka musanya.

Kuma ka riƙa zare estanal in an gama. Akwai bairos masu garkuwa da fayil, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi addabar masu kwamfutar gida shine dangin STOP/Djvu, ta manhajojin kirak, wato na kuɗi da aka fasa makullinsu, da ake saukewa kyauta yake shigowa, ya kulle komai ya ƙara wasu haruffa a ƙarshen sunan kowane fayil, ya bar maka takarda mai suna _readme.txt yana neman kuɗin fansa, a da dala 980 ne, ko 490 in ka biya cikin awa 72. Duk diskin da ya tarar a soke shi ma zai bi ta kansa. Na san wannan ya ci karo da bakof na duk awa, to sai ka raba, ɗaya ya zauna a soke yana ɗaukar na yini, na biyun kuwa baya shiga sai lokacin da zai karɓi nasa ya fita.

Gwajin da zai yanke hukunci

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wadda ka zaɓa cikin waɗannan, kada ka yarda da ita don ta nuna maka koren maki tace an gama. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge kusan giga 300 na babbar ma'ajiyar bayanansu bisa kuskure, da suka juya wajen bakof sai suka tarar cikin hanyoyi biyar da suka tanada babu wadda ke aiki yadda ya kamata, abinda ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kamar awa shida kafin nan, aikin awa shidan kuwa ya tafi. Ƙwararru ne fa masu albashi akan wannan aikin, abinda ya faru shine an daɗe ba wanda ya gwada dawowa da kayan.

Ga yadda nake yi, kuma da shi nake tace manhaja. Ka ƙirƙiri fayil ɗin Word ka rubuta layi ɗaya, yau Litinin, ka yi bakof. Ka goge layin ka rubuta yau Talata, ka sake bakof. Ka goge fayil ɗin gaba ɗaya har daga kwandon shara, ka sake bakof na uku. Yanzu ka nemo min na Litinin. A File History zaka danna Restore personal files, ka koma baya da kibiyar hagu har ranar da kake so, sai koren maɓallin nan na tsakiya, in ka danna masa dama zai baka damar kai shi wata folda daban don kada ya danne wani abu. A restic kuwa

restic -r E:\ajiya restore latest --target C:\gwaji

yana dawo da na ƙarshe, in na Litinin kake so sai ka cire latest ka saka lambar da snapshots ya nuna maka. Ka buɗe fayil ɗin da idonka ka ga layin. In ka kasa yin wannan cikin minti goma hankalinka a kwance, to ranar da hannunka ke rawa ba zaka iya ba, ka bar wannan manhajar komai yabon da ake mata ka ɗauki wadda ka gane.

Mataki na biyu shine wanda kusan kowa ke tsallakewa, ka ɗauki estanal ɗin ka kai kwamfutar wani, wadda bata taɓa ganin manhajar ba, ka ɗauka taka ta mutu. Nan ne zaka gane ko kana tuna kalmar sirrin, ko sai da intanet zaka iya sauke manhajar, shi yasa nake ajiye kwafin manhajar kanta a gefe cikin estanal ɗin, restic ma fayil ɗaya ne tak ba sai an girka shi ba.

Bayan nan duk wata uku ka maimaita da fayiloli biyar da ka tsinta ba zaɓe, hoto ɗaya tsoho, bidiyo ɗaya ka ja shi har ƙarshe ka tabbata baya tsayawa, ka bar restic ya karanta rumbun duka da check --read-data ranar da wuta ta zauna, ka kuma buɗe CrystalDiskInfo ka duba lafiyar estanal ɗin kansa. In ka ga ya koma ruwan ɗorawa ya rubuta Caution, kada ka jira ya fara ƙara, ka nemo sabo ka kwashe tun yana karantuwa, tsohon kuma ka barshi a ajiye har sai sabon ya ci nasa gwajin na Litinin da Talata.